Kwandon da Don Eulalio Ya Riƙe

Ranar da Fergus ya fara shigowa ɗakin yara da ke bayan kasuwar Minerva, goshinsa ne ya fara gaisawa da saman ƙofa. Gum! Yara suka kwashe da dariya, har da masu zamewa daga benci. Ya dafe goshi, ya buɗe baki zai yi gaisuwa da Sifaniyancin da ya haddato a jirgi, kalmomin suka watse suka bar shi tsaye.

Floridalma, wadda muke kira Flori, ta ɗago kai daga littafin da take duba wa wata yarinya. Ta kalle shi tun daga takalmi har jan gashin nan, sai da wuyanta ya ƙage.

"An turo mana wani kuma," ta ce da yaran. Sannan ta juya Turanci. "Wata nawa za ka yi mana?"

"Biyu," in ji shi.

"To, Dogo, sunkuya ka shigo. Ga fensir can, fere su."

Mu a Shela, garinmu da ba shi da nisa da iyakar Meziko, mun saba da irinsu. Su zo daga wata uwa duniya, da safe su zauna a makaranta ana cusa musu Sifaniyanci, da rana su zo su taya 'ya'yan matan kasuwa aikin makaranta. Su ɗauki hoto, su sha kuka ranar rabuwa, su hau mota. Shi ke nan, sai dai ka ji labari. Flori ta daɗe tana riƙe da ɗakin nan, kuma doka ɗaya ta kafa: ba wanda zai sulale bai yi wa yara sallama ba. Duk mai tafiya sai ya tsoma tafin hannu cikin fenti ya manna a bango. Bangon ya cika maƙil da hannaye, ja da kore da ruwan ɗorawa, duk na waɗanda suka tafi.

Akwai wata 'yar shekara bakwai, Maribel, jikar Donya Petrona mai tumatir. Tun da wata baturiya da ta shaƙu da ita ta manna hannu ta wuce, yarinyar ta daina riƙe sunan baƙi. Kowa ya zo, "Kai" take ce masa. Flori kan yi mata faɗa a baki, amma ni da na san su duka biyu, na san halinsu ɗaya ne.

Fergus kafinta ne daga Ostireliya, kuma Sifaniyancinsa abin tausayi. Yaran da ya zo koyarwa su suka koma malamansa. Su nuna kujera, ya faɗa, su yi masa ihu, ya sake. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa har haɓa, yana maimaita kalma kamar mai tauna ƙashi.

Wata biyu suka cika, bai nemi fenti ba. Ya je kan iyakar Meziko aka sabunta masa hatimin fasfo, ya dawo. Ranar da ya tafi ɗin, Flori ta ƙona kunun yara, ta yi wa mai kawo gas masifa ba dalili. Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Malama, na dawo. Na sayo wa yara alli mai launi. Ke kuma na sayo miki wani abu, amma ban san sunansa da Sifaniyanci ba tukuna."

Ta rubuta: "Sai ka koyi sunan kafin ka kawo."

Ya rubuta: "Kenan kina so in daɗe."

Ta yi ta karanta saƙon har batirin wayar ya kusa mutuwa.

Wata Asabar Flori ta zo ɗaukar makulli ta tarar da shi kan tsani, ya cire katakon saman ƙofa yana ɗaga shi sama. Ƙura duk ta rufe masa gira.

"Wa ya sa ka?"

"Goshina," ya ce.

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Tana tafiya gida tana tambayar kanta: wanda zai tafi jibi me zai sa ya ɗaga ƙofa? Daga ranar ta shiga uku. In ya makara minti kaɗan sai ta leƙa titi. In ya yi waya da Turanci sai ta kasa kunne, ko maganar jirgi ake.

Ya samu aiki a shagon wani mai ƙera kujeru, ya kama ɗaki nasa. Ran Lahadi sukan zauna a dandalin tsakiyar gari, sanyin Shela na ratsa su, suna shan kunun masara mai zafi.

"Malamata," ya ce wata rana, cikin Sifaniyancin da ya fara miƙewa, "ina son ki. Na yi ta gwada faɗa a gaban madubi, kar ki gyara mini."

"Ba kuskure a ciki," ta ce, idonta cikin kofi. "Amma Dogo, duk haka kuke cewa. Kuna son gari, kuna son yara, kuna son kowa. Sai a wayi gari ku nemi fenti."

"Ni ba fenti nake nema ba. Aurenki nake nema."

Kunun ya sarƙe ta. Da ta gama tari ta ce, "To ai ba ni ake tambaya ba. Ka cika kwando da burodi da cakulan, ka je wajen Baba da yamma."

Iyakar abin da ta gaya masa kenan, kuma a nan ta yi kuskure. Abin da kowane jariri a Shela ya sani, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai babban mutum mai gemu da bai sani ba.

Don Eulalio, mahaifin Flori, mai gidan burodi ne, gajere, kakkaura, mai gashin baki kamar tsintsiya. Yana da wanda yake so a ransa: Wilmer, ɗan amininsa, mai ƙananan motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin kasuwa da cikin gari. Wilmer ya daɗe yana zagaye gidan, Flori kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Fergus ya zo shi kaɗai, da farar riga da kwando a ka. A ƙasarsu namiji shi ke magana da bakinsa, sai ya ɗauka haka ne ko'ina. Burodin ma, don rashin sani, a gidan burodin da ke gogayya da Don Eulalio ya sayo. Allah sarki!

Aka shigar da shi falo. Flori da mahaifiyarta suka laɓe a kicin. Ya durƙusa ya zuba jawabin da ya yi kwanaki yana haddacewa. Don Eulalio ya saurara har ƙarshe, fuska ba annuri.

"Ina iyayenka?"

"Suna Ostireliya, ranka ya daɗe."

"Hm. To, saurayi, ka yi ɓatan kai. Gidan nan ba mu da 'yar bayarwa. Wadda muke da ita ko wainar masara ba ta iya ba. Ka gaida gida."

Ya miƙe, ya ɗauki kwandon, ya shige ciki da shi.

A kicin Flori ta ƙanƙame mahaifiyarta, ta toshe baki kar ihun murna ya fita. Ya riƙe kwando! A wajenmu uba ba ya cewa to a zuwan farko, ai sai a ce ya gaji da 'yarsa. Dole ya ƙi. Kwandon ake kallo: in ya mayar maka da shi, ka haƙura, in ya riƙe, ka dawo da manyanka.

Fergus kuwa ya fito titi yana ganin an ƙi shi ke nan. Motar farko da ta tsaya, Wilmer ne a sitiyari. Ya kalli farar rigar, ya kalli hannun da ba kwando, nan take ya gane komai. Ya ga Flori na shirin kuɓuce masa, sai ya yi fuskar jaje.

"Baturen yara, daga gidan Don Eulalio? Me ya ce?"

Fergus ya gaya masa.

"Ash! Sannu. Tsohon nan in ya ce a'a, an gama. Ka koma ma, ita za ka ja wa. Zai iya korar ta daga gida. In kana son ta da gaske, ka rabu da ita ta zauna lafiya da iyayenta."

Kai, Wilmer! Har yau in na gan shi sai na harare shi.

Da magariba saƙon Flori ya shigo: "Dogona, Baba ya ci burodinka yana ta mita wai ba a gasa shi da kyau ba. Mama ta ce kar a ƙara ganinmu tare tukuna. Zan koma zuwa da safe, kai ka riƙe yara da rana."

Ita tana nufin kunyar da ake yi kafin a gama magana. Shi kuwa ya ga maganar Wilmer ce ta fara tabbata. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ba zan taɓa shiga tsakaninki da mahaifinki ba, Malamata."

Ta yi murmushi ta ce yaron kirki. Ta fara jiran ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwana ya bi kwana, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Kullum da yamma Flori ta yi wanka ta ɗaura sabon zani, ta zauna kusa da taga. Mahaifiyarta ta share falo ta sake sharewa. Don Eulalio da kansa ya fara dawowa da wuri, yana zama da jarida a hannu bai karanta ba.

"Ina baturen naki?" ya ce wata rana. "Na gaya wa uwarki, irinsu sau ɗaya suke ƙwanƙwasawa."

Flori ta shige ɗaki. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta ɗauka ta ajiye. Ita ce za ta roƙi namiji ya dawo neman aurenta? Allah ya kiyaye. Abinci ya daina shiga. Ta sa gishiri a kofi, ta fita da takalmi wari-wari. Tsoron da ta daɗe tana dannewa ya taso mata gaba ɗaya.

Ran Juma'a da rana saƙonsa ya zo: "Na bi dokarki. Yau zan yi wa yara sallama. Ina kika ajiye fenti?"

Ba ta san lokacin da ta fito titi ba. Ta ratsa kasuwa a guje, ta ture buhun albasa, masu kaya na zaginta ba ta ji. Ta faɗa ɗakin yara tana haki.

Ya riga ya samo fentin. Yara na jere a kan benci suna kallonsa. Yana tsaye gaban bango, hannunsa na dama shuɗi shar har wuyan hannu, fenti na ɗiga a ƙasa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Manna mana!" ta daka masa tsawa, hawaye na zuba. "Me kake jira? Ga wuri can kusa da na sauran. Daman na sani. Tun ranar da ka buga goshi na sani!"

"Flori, mahaifinki ya ce..."

"Kar ka sako Baba a ciki! Ka gaji ne kawai, ka tuna gida."

Maribel ba ta yi kuka ba. Ta sauka daga benci ta fice. Can sai ga ta tana jan kakarta da zani, Donya Petrona na bin ta da tumatir a hannu, bayanta mai wake da mai furanni da mai kaji, don a kasuwar nan ba a rigima ba 'yan kallo.

"Wa ya mutu?" in ji Donya Petrona. "Kai zangarniya, me ka yi wa malamarmu?"

Fergus ya haɗa 'yan kalmominsa ya yi bayani. Ya je, ya durƙusa, an ce ba 'yar bayarwa. Ba ya so a kore ta daga gida saboda shi.

"Sau nawa ka je?"

"Sau ɗaya."

Matan suka kalli juna.

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"Uwar Yesu! To kwandon fa? Ya jefo maka shi?"

"A'a. Ya shige da shi ciki."

Wayyo, zo ka ga dariya! Mai kaji ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Mai furanni ta jingina da bango tana share hawaye. Donya Petrona ta ɗaga hannu sama kamar mai addu'a.

"Ya riƙe kwando, shi kuma sakarai yana haɗa kaya! Ɗan nan, marigayi mijina sau huɗu ya zo. A na biyu babana kare ya sakar masa. Tsayin banza, duk an zuba a ƙafa ba a bar wa kai komai ba!"

Fergus ya juya ya kalli Flori. Flori ta rufe baki da hannu biyu.

"Ba ka sani ba?" ta ce a hankali. "Ba wanda ya gaya maka?"

"Wilmer ya ce in ya ce a'a an gama."

"Wilmer!" matan suka haɗa baki. Mai wake ta ce daga yau ko kyauta ba ta ƙara shiga motarsa.

Flori ta matso. Ta kama hannun nan mai fenti da nata biyu, ta janye shi daga bango, ba ta damu da rigarta ba.

"Dogona, ka yafe mini. Na koya maka sunan komai a garin nan, na manta da wannan."

"Na sayi tikiti," ya ce.

"Sai ka mayar."

"Ba ni da manyan da zan je da su."

Donya Petrona ta buga ƙirji har tumatir ya fashe a hannunta. "Mu nan itatuwa ne? Wanda ya zauna da jikokinmu muna neman abinci, a ce ba shi da dangi? Je ka wanke hannu. Kuma wannan karon a wajen surukinka za ka sayi burodi, kar ka ƙara ba mu kunya."

Haka aka yi. Da safe Fergus ya shiga shagon Don Eulalio ya ce a cika masa kwando. Tsohon ya zaɓa masa masu zafi da hannunsa, kamar bai san inda za a kai ba. Da yamma burodin ya dawo gidan a kan matan kasuwa, layi guda, da kyandir da cakulan, Donya Petrona a gaba da zaninta na zuwa coci.

Ta yi magana mai tsawo, irin ta manya. Don Eulalio ya bari ta gama, sannan ya juya wajen Fergus. Wannan karon ba wasan al'ada a fuskarsa.

"Na farko, ƙin da kowane uba ke yi ne. Na yau daga cikina yake. Na taɓa shiga ɗakin yaran nan, na ga bangon. Ita kaɗai gare ni mace. Kalma ɗaya na faɗa maka ka sayi tikiti. Ran da aure ya yi zafi fa? Ran da ka yi kewar uwarka? A'a. Ban bayar ba."

A kicin Flori ta kalli mahaifiyarta a tsorace, don wannan ba ya cikin abin da aka saba faɗa.

Fergus ya kalli hannunsa. Har lokacin akwai shuɗi a ƙarƙashin farcensa.

"Gaskiya ka faɗa, Baba. Na sayi tikiti, don na ɗauka zamana zai raba ta da kai. Na tsoma hannu a fenti, na tsaya gaban bango, hannun ya ƙi tafiya. Ban iya magana mai daɗi da yarenku ba tukuna. Abin da na iya shi ne dawowa. Ka ce a'a yau, Asabar mai zuwa ina nan. Ka sake cewa, ina nan. Burodinka dai zai yi ta ƙarewa."

Gashin bakin Don Eulalio ya motsa. Ya miƙe, ya ɗauki kwandon, ya shige ciki.

"Ya riƙe!" in ji mai kaji, da ƙarfin da har maƙwabta suka ji.

A zuwa na uku tsohon bai bari Donya Petrona ta kai rabin jawabinta ba. Ya ce, "Ya isa haka, Petrona, shayin cakulan na hucewa. Ku kira yarinyar." Flori ta fito kanta a ƙasa, ta durƙusa kusa da Fergus, kafaɗarta na taɓa gwiwar hannunsa.

Da dare ya tura mata: "Malamata, na koyi sunan abin da na sayo miki a kan iyaka. Zobe."

Ta rubuta: "Ka ci jarrabawa, Dogona. Kawo."

An ɗaura aure bayan damina ta ɗauke. Iyayen Fergus suka zo daga Ostireliya, dogaye kamar shi, ba sa jin ko kalma, amma uwarsa da mahaifiyar Flori suka riƙe hannun juna suna kuka tun daga coci har gida. Aka shimfiɗa ɗanyen ganye a tsakar gida, masu kiɗan marimba suka kafa kayansu, matan kasuwa suka zauna a ɓangaren dangin ango suna ba da umarni. Wilmer bai zo ba, amma ya aiko da mota ta kwashi yara kyauta, ko kunya ce ta kama shi, oho.

Ango da amarya suka durƙusa, manya suka bi layi suna sa musu albarka. Don Eulalio ne na ƙarshe. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan jan gashin nan, ya yi musu addu'a.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Kai kuma, ɗana, Allah ya zaunar da ƙafarka."

Kowa ya ce amin.

Ana cikin rawa, wani ɗan hannu ya ja wa ango riga. Maribel ce, da farar rigarta da ta riga ta ɓata da cakulan. Ya sunkuya har ƙasa don su daidaita.

"Ran Litinin za ka zo?" ta tambaya.

"Zan zo."

"Da ta bayanta?"

"Da ta bayanta."

Ta ƙura masa ido, tana auna shi kamar yadda kakarta ke auna tumatir. Sannan ta gyaɗa kai.

"To, sai Litinin, Fergus."